Taku Biyu a Gefen Kwalta: Abin da Ke Haɗa Mai Keke da Mai Mota Faɗa a Kaduna

Wata safiyar Litinin, a kan titin Ali Akilu daidai Unguwar Sarki, ina bin bayan wata Corolla, na ga abin da kullum yake faruwa ba a kula. Wani dattijo ne a kan tsohon kekensa, ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama don kada sarƙa ta kama, ya ɗaure kwanon abincinsa a kariya da roba. Yana tafiya a gefensa, bai tare wa kowa hanya ba. Sai ga ɗan Napep ya sha gabansa, ya ci birki, wai wata mata ta ɗaga masa hannu. Dama lambatu ne a buɗe, gaba kuma bayan Napep. Dattijo ya karkato hagu. Mai Corolla ya taka birki har taya ta yi ƙara, ya danne oda, ya sauke gilashi.

"Baba, in ka gaji da duniya ka koma gida mana, kada ka ja mini!"

Dattijon ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya juyo. "Yaro, ina kake so in bi? Sama?"

Ɗan Napep ya ɗauki fasinjarsa ya yi gaba. A cikin su ukun, shi kaɗai ne ba wanda ya ce masa uffan.

Duk mai tuƙi a Kaduna yana da labarinsa a kan masu keke: ba fitila, ba madubi, sai dai ka ga mutum ya faɗo maka titi kamar an jefo shi. Duk mai hawa keke kuma yana da nasa a kan masu mota: suna wuce ka har iskar motar ta kaɗa maka riga, suna danna maka oda a ƙeya kamar akuya ce ta shigo hanya. Kowannensu gaskiya ya faɗa. Amma tun daga wannan safiya na daina ɗaukar rigimar a matsayin ta mugun hali. A kan wani ɗan wuri ake yin ta, wanda bai fi taku biyu ba, tsakanin layin da mota ke gudu da bakin lambatu. Nan ya kamata mai keke ya bi, kuma nan ne kowa a garin nan ya riga ya kafa tutarsa. Idan aka koro shi daga nan, gaban mota zai faɗa, mai motar kuwa shi zai gani, ba zai ga wanda ya koro shi ba.

Kaduna fa garin keke ce tun asali. Turawa sun dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, garin ya tashi a kan ma'aikata: na jirgin ƙasa, na ofis, na bariki. Da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, sauran masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya, dubban mutane suka riƙa tsallaka kogi safe da yamma, kuma dattawan da suka ga wannan zamani za su gaya maka yadda hanyar Kakuri ke cika da kekuna idan an tashi daga aiki. Keken Rali a lokacin abin tinƙaho ne, har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano. Malamin makaranta mai sabon Rali, an goge shi yana ƙyalli, an naɗe masa ƙarfe da roba mai launi, ba ƙaramin mutum ba ne a unguwa.

Sai kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, suka zo a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikaci ya sauka daga keke ya hau babur. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci, a nan Kakurin dai. Daga nan tsani ya kafu a zukatan mutane: ƙafa, keke, babur, mota, kuma wanda ya hau sama ba ya waiwayen matakin da ya baro sai da raini. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 ya yawaita acaɓa, shekarun 2000 suka kawo Napep, masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Har sunan ma an ƙwace wa keke. Yau in ka ce wa yaro a Tudun Wada ya tsayar maka da keke, mai ƙafa uku zai tsayar. Sai ka ce "keken hawa" kafin a gane ka, kamar yadda ake cewa keken ɗinki.

Bai taɓa ɓacewa ba dai. Masu gadi, leburori, 'yan makaranta, masu tallar yogot da askirim, masu kai burodi shaguna, mutanen bayan gari da ke shigo da rake ko itace, duk sun ci gaba da taka feda ba wanda ya damu ya ƙirga su. Abin da ya sauya shi ne sun samu baƙi. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Kuɗin Napep da na bas suka bi sahu. Mutumin da ke zaune a Rigasa yana aiki a Unguwar Rimi, hawa biyu ko uku zuwa, haka dawowa, ya zauna ya yi lissafi ya ga hanya yake yi wa aiki. Ya kakkaɓe keken da ke jingine a zaure, ko ya sayi na gwanjo. An ga irin wannan a Maiduguri bayan an hana babura a 2011, inda keke ya koma abin hawan kowa da kowa. A Kaduna ma an yi dokar hana acaɓa a 2014, zamanin gwamna Ramalan Yero, sai dai ba ta kama ƙasa kamar ta Maiduguri ba. Tsadar mai ce ta mayar da mutane kan sirdi. Da yawansu kuma a lungu suka koyi keke suna yara, ba su taɓa tuƙa shi a gefen tirela ba.

To, yanzu ka samu wuri ka tsaya ka kalli gefen dama na kowane babban titi, ko Ahmadu Bello Way kusa da Kasuwar Gumi, ko titin Kachia, ko hanyar da ta ratsa Tudun Wada. Tun da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, wannan gefen ne na mai tafiya a hankali. Wa ke wurin? Motar wanda ya shiga banki "minti biyu". Napep uku a jere suna jiran fasinja, na huɗu ya tsaya a gefensu. Baron mai lemo, teburin mai caji, buhunan mai doya, tulin yashin wanda ke gini, janareton mai shago. Bas da yaron motarta ke rataye a ƙofa yana kiran Sabo, Sabo. Masu tafiya a ƙasa su ma sun sauko kwalta, domin dakalin da aka yi musu ya zama kasuwa. Mai keke ba ya yin tafiyar mita ɗari bai kauce wa wani abu ba, kuma kowace kaucewa hagu ce, cikin layin mota. Direban da ke baya ba ya ganin baro ko teburi a matsayin matsalarsa, tunda ba su cikin layinsa. Abin da yake gani shi ne mutum yana tangaɗi a kan keke kamar wanda ya sha wani abu.

Ko inda ba kowa, wurin ba lafiya. Da damina ruwa yana kwaso yashi da tsakuwa daga layukan da ba kwalta ya zube su a bakin titi. Tayoyin motoci suna share tsakiya, su tura komai gefe: ƙusa, fasasshiyar kwalba, guntun waya. Mota ba ta jin yashi mai kaurin yatsa, amma siririyar tayar keke tana shiga sai ta kwashe, musamman in akwai buhu a baya. Ga lambatu a buɗe, wani ya kai ƙugun mutum. Mai keken da ka gani ya ɗan shigo ciki, ka ce taurin kai ne, sau da yawa kwaltar da aka share kawai yake nema. Akwai kuma ƙofa. Direba ya faka, ya kashe mota, ya tura ƙofarsa ba tare da ya duba madubi ba, ƙofar direba kuwa ɓangaren titi take buɗewa, daidai inda mai keke zai ratsa. Wanda ya taɓa cin karo da ƙofa sau ɗaya, har abada sai ya bar tazara tsakaninsa da motar da ke tsaye, wannan tazarar kuma daga layin mai mota ake cire ta.

Ba za a yi maganar titunan Kaduna ba a ambaci aikin sabunta birni da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ba. An faɗaɗa tituna, an raba su biyu, an sa fitilu, an sake gadar Kawo wadda shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2022, an haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa a shataletalen Leventis. Duk wanda ya san cunkoson Kawo na da ba zai raina wannan aiki ba, ni ma na ji daɗinsa. Sai dai titi mai faɗi, mai santsi, miƙaƙƙe, yana gaya wa ƙafar direba wani abu da allon gefen hanya ba ya iya sokewa. Ramukan da muke zagi a da su ne ke rage mana gudu ba mu sani ba. Mota ta samu layi biyu ko uku, mai tafiya a ƙasa ya samu dakali a wasu wurare, mai keke kuwa a manyan titunan da nake bi ba a ware masa komai ba. Gudunsa yana nan yadda yake tun zamanin Rali, na motar da ke bayansa ne ya ƙaru.

Gudun nan shi ne ke mayar da kuskure ƙarami ya zama jana'iza. Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari. Motar da ke gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun 80 tana cin mita 22. Direban da ya sunkuya ya duba waya na daƙiƙa biyu yana gudun 80 ya yi tafiyar mita 44 a makance. Ƙarfin karo kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu: in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin bugun ya ninka sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da na 65. Rahotonta na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara a duniya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Mai keke ba shi da bambanci da mai ƙafa a nan, fatarsa ce bodin motarsa.

Wurare biyu ne abin ya fi tsanani. Na farko titin Nnamdi Azikiwe, wanda har yau muke kira baifas, alhali gari ya daɗe da haɗiye shi. An yi shi ne don tirela da tanka su kewaye Kaduna, yanzu Rigasa na yamma da shi, Tudun Wada na gabas, kuma duk mai shigowa gari daga Rigasa dole ya tsallaka shi. Direban tirela yana zaune can sama, akwai wurare a gefen damansa da gaban hancin motar da ko madubi bai nuna masa. Idan zai karya kwana dama, sai ya fara buɗewa hagu, mai keke ya ga fili ya shiga, sai bayan motar ya rufo. Na biyu kogi. Kaduna doguwa ce daga Kawo zuwa Sabon Tasha, ruwa ya raba ta, gadoji kuma ƙalilan ne. A kan tsohuwar gada tsakanin shataletalen filin wasa da na tasha, babu lungun da za ka kauce ka bi. Kowa sai ya matsu ya wuce ta wuri ɗaya.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai abubuwan da masu keke ke yi da ba su da kariya. Mafi muni shi ne tafiyar dare ba fitila, ba ko ɗan abu mai ƙyalli a baya, mutum sanye da baƙar riga, a titin da fitilunsa suka mutu, ga hazo a lokacin hunturu, ga hasken motocin da ke tahowa yana kashe wa direba ido. Na taɓa ganin mutum sai da ya rage taku kaɗan tsakaninmu, farin takalminsa da ke juyawa a kan feda shi ya cece mu duka biyu. Na tsaya gefe hannuna yana rawa, shi kuwa bai ma san an yi ba. Akwai masu keken da birkinsu tafin ƙafa ne. Akwai mai ɗauko rodi ko katako a gicciye. Akwai wanda danja ba ta shafe shi ba, a ganinsa ta masu inji ce. Direban da ya yi fushi a kan waɗannan yana da hujja, kuma fushin nasa rabinsa tsoro ne: ya san in ya buge mutum ba wanda zai tsaya tambayar wa ke da fitila.

Amma bin hannun da ba naka ba, abin da muke kira wanwe, yana buƙatar a tsaya a kansa, domin masu yin sa suna da dalili biyu, ɗaya kuskure ne, ɗaya gaskiya. Kuskuren shi ne wanda za ka ji a bakin kusan kowane dattijo: "Gara in ga abin da zai kashe ni." Lissafi bai yarda ba. In mota na gudun 50, keke na 15, suna tafiya hannu ɗaya, da gudun 35 take cim masa. In suna fuskantar juna, da 65 za su haɗu, kuma lokacin kaucewa ya ragu kusan rabi. Ƙari a kan haka, direban da ke fitowa daga layi zai hau babban titi hagunsa yake kallo, domin ta nan motoci ke zuwa. Mai wanwe ta dama yake ɓullo masa, inda ba ya tsammanin kowa. Dalili na gaskiyar kuwa a jikin titin yake. Da aka raba hanyoyi da kankare, wurin juyawa ya yi nisa. Ga mai mota, ƙarin kilomita ɗaya ɗan taka totur ne. Ga mai keke da buhu a baya, da rana tsaka a watan Afrilu, tafiya ce, kuma in ya kai wurin juyawar sai ya ratsa layi biyu ko uku na motoci masu gudu kafin ya isa tsakiya. Gidansa kuwa ga shi can, mita ɗari biyu a baya. Zai bi wanwe, ko an yi masa wa'azi ko ba a yi ba.

Hujjar da direbobi suka fi so ita ce ta kuɗi: "Ni ina biyan lasisi, ina sabunta takardu, ina da lamba, jami'an KASTLEA masu kula da dokar hanya na iya tare ni. Shi me yake biya?" Akwai ƙamshin gaskiya a ɓangaren tarewa, domin da wuya ka ga an tsayar da mai keke don ya karya doka. Amma titi ba da kuɗin lasisi ake gina shi ba. Daga baitulmali ake yin sa, da kason tarayya, da haraji, da bashin da kowa zai biya har da jikokin mai gadi. Mai keke yana biyan harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari duk lokacin da ya sa kati a wayarsa. Ɓarnar da abin hawa ke yi wa kwalta kuma da nauyi take tafiya, kuma injiniyoyi sun daɗe da gano cewa in nauyin da ke kan gatari, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin mota, ya ninka sau biyu, ɓarnar tana ninkawa kusan sau goma sha shida. A wannan ma'auni, keke bai taɓa fasa titin kowa ba. Ko ta fuskar doka ma ba baƙo ba ne. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ambaci keke da sunansa, ya sa ba shi lasisi cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da kwalekwale da baro da amalanke. Tsofaffi suna tuna lokacin da ake karɓar kuɗin lambar keke.

Akwai wani abu da ba a faɗa a fili, amma kowa ya san shi. Da safiyar Asabar za ka ga wasu 'yan boko a tawaga, da hular kwano da matsattsun kaya masu launi, a kan kekunan da kuɗin ɗaya zai sayi babur. Ka lura da yadda motoci ke wuce su: a hankali, da tazara, wani ma har ya ɗaga hannu. Direban nan dai shi ne ranar Litinin zai goga wa mai gadi madubi a kafaɗa. Titin bai ƙara faɗi ranar Asabar ba. Direban ya duba ne ya ga wanda in ya buge shi za a yi magana. Zaman titinmu zaman kashin dankali ne: tirela ta danne bas, bas ta danne ƙaramar mota, mota ta danne Napep, Napep ya danne keke, mai keke shi ma ya kaɗa wa mai ƙafa ƙararrawa a ƙeya. Ko muƙami bai cika tsare mutum ba in dai ba a gane shi ba. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, yana hawa da kansa zuwa aiki a Abuja, sai da wata bas ta jefa shi cikin rami. Abin da mutane suka riƙe daga labarin dariya ce.

Idan karon ya auku, sai wani tsarin ya ɗauka, wanda ba a rubuce yake ba. Jama'a su taru. In raunin kaɗan ne, za a ce tsautsayi ne, a ba juna haƙuri, mai mota ya ba da na kemis da na miƙe taya, kowa ya kama gabansa. Ba ɗan sanda, ba takarda, don haka irin wannan ba ya shiga lissafin kowace hukuma, mai tsara titi kuma ba ya ganin abin da ba a lissafa ba. In abin ya yi muni, taron yakan juya kan mai mota ko da shi ke da gaskiya, wannan tsoron ne ke sa wasu direbobi su tsere su bar mutum kwance. Inshorar dole da ake biya naira 15,000 tun farkon 2023 an yi ta ne don irin wannan rana, amma yawancinmu takardar nuna wa jami'i muka ɗauke ta. A addinance kuwa maganar ba wasa ba ce: kisan kuskure yana da diyya da kaffara, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta fayyace. Iyalai da yawa suna yafe diyyar. Kaffarar ba su ke da ikon yafe ta ba, kuma ban cika jin ana tuna wa direba wannan a bakin titi ba.

Wasu ƙasashen sun bi ta nan. Holan da ake misali da ita yau a hawan keke, a farkon shekarun 1970 mutum sama da dubu uku ke mutuwa a titunanta a shekara, ɗaruruwa daga ciki yara. Iyaye suka fito zanga-zanga, matsalar mai ta 1973 ta zo ta ƙara, aka fara gina wa keke hanyarsa daban. Birtaniya ta gyara ƙa'idojin hanyarta a Janairun 2022, ta ce wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa, ta kuma ce a bar wa mai keke aƙalla mita ɗaya da rabi idan za a wuce shi. Wannan tsarin bai kamata ya zama baƙo a kunnen wanda ya san hadisin da ya ce mahayi ne ke fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama ba. In kuma an ce can Turai ne, to Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, ba Turai ba ce, kuma manyan titunanta suna da layin masu ƙafa biyu da aka keɓe. Tamale a arewacin Ghana ma haka.

Ni dai ban yarda da fenti ba. In aka ja farin layi a gefen Ahmadu Bello Way aka zana hoton keke, kafin Juma'a mai lemo ya gode wa gwamnati da ta shata masa wuri. Layin da zai yi aiki a nan sai mai kankare a tsakani, wanda Napep ba zai iya hawa ba, kuma ba lallai a fara da duk gari ba: hanyoyin shigowa daga Rigasa, da kan gada, da titin Kachia sun isa gwaji. Kafin a kai ga wannan akwai abubuwan da ba sa buƙatar kwangilar biliyoyi. A kwashe yashin bakin titi bayan kowane ruwa. A rufe lambatu. A yanka wa Napep da bas wurin tsayawa da ya shige ciki, domin ɗan Napep da ke neman balas ɗin mai shi kafin magariba ba zai daina tsayawa inda aka ɗaga masa hannu ba sai in an ba shi inda ya fi. A buɗe ƙananan ƙofofi a kankaren tsakiya, waɗanda keke da mai ƙafa za su wuce amma mota ba za ta iya ba, tare da tudun rage gudu a gabansu. A sa masu sayar da keke da masu gyara su riƙa liƙa abin ƙyalli a baya, kuɗinsa bai kai na faci biyu ba.

Na tsaya kwanaki wurin wani mai gyaran keke a bakin baifas, ina jiran a duba mini na yarona. Kekuna sun kai goma a jingine, rabinsu tayar gaba a lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai. Na ce, "Malam, duk motoci ne suka yi wannan?" Ya ce a'a, ko ɗaya mota ba ta taɓa ba. Masu su ne suka ji oda a baya, suka zaɓi lambatu.